Igiyoyin da ido ba ya gani da na'urorin asibiti

Ku dubi layin nan da ke tashi yana sauka a fuskar na'urar da ke gefen gadon majinyaci. Kowane tashi bugun zuciya ɗaya ne, kuma abin da na'urar ke karantawa wutar lantarki ce da zuciya ke fitarwa da kanta. Idan wannan wuta ta iso fatar ƙirji, ƙarfinta kusan kashi 1 ne cikin 1,000 na volt, wato batirin tocila guda ya ninka ta kamar sau 1,500. Na'urar da aka ƙera don ta ji motsi mai rauni irin wannan dole ta kasance mai kaifin ji, kuma daga nan matsalar ta samo asali.

Duk abin da wuta ke gudana a cikinsa yana watsa igiyoyin lantarki da maganaɗisu a kewayensa, kuma wayoyin da aka manna a ƙirjin majinyaci suna kama su kamar yadda eriyar rediyo ke kama tasha. Wutar da ke cikin bango tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ko sau 60 a ƙasashe irin su Amurka, kuma idan ta kutsa cikin na'urar sai layin ya yi kauri, ya yi ƙananan haƙora kamar na zarto. Wannan da sauƙi, domin ma'aikaciyar jinya tana ganinsa ta gyara. Abin tsoro shi ne lokacin da na'urar ta ɗauki hayaniyar waje a matsayin saƙon jiki, ta kuma yi aiki da ita.

Na'urar daidaita bugun zuciya da ake dasawa a ƙirji tana sauraron zuciya ne, idan ta ji shiru sai ta tura ƙaramar wuta ta tashe ta. Idan igiyoyin waje suka yi kama da bugu, sai ta zaci zuciyar na aiki ta dakata, alhali a daidai lokacin ake bukatarta. Shi ya sa likitocin tiyata ke taka tsantsan da wuƙar lantarki da suke yanka nama da tsayar da jini da ita: suna kunna ta a gajerun lokuta, suna nisanta hanyar wutar daga ƙirji, wani lokaci kuma a sauya tsarin na'urar kafin a fara aiki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ba masu ɗauke da irin wannan na'ura shawarar su nisanta wayar hannu daga gare ta da aƙalla santimita 15, don haka aljihun gaban riga ba wurin ajiye waya ba ne a gare su.

A shekarar 1998 wani gidan talabijin a birnin Dallas na Amurka ya fara gwajin watsa shirye-shirye na zamani a kan zangon da na'urorin sa ido kan zuciya marasa waya na asibitin Baylor ke amfani da shi, sai wasu daga cikinsu suka daina isar da bayani. Bayan wannan, a shekarar 2000, hukumar sadarwa ta ƙasar ta keɓe wa irin waɗannan na'urori zangonsu na kansu.

Wayar hannu ce aka fi ɗora wa laifi, amma a ganina an fi kyautata zato ga abin da ya fi ta haɗari. Rediyon oba-oba na masu gadi da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya yakan fi waya ƙarfin watsawa, kuma a cikin asibitin yake yawo. Ita kanta wayar tana ƙara ƙarfinta ne idan sabis ya yi rauni, kamar a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Da yake ƙarfin igiyoyin yana raguwa da sauri idan aka matsa baya, asibitoci da dama sun ɗauki ƙa'idar tazarar mita 1 tsakanin waya da injin taimaka wa numfashi ko famfon ƙarin ruwa a ɗakin kulawa ta musamman.

Masu ƙera na'urorin ma akwai ƙa'idar duniya, IEC 60601-1-2, da ake gwada kayansu da ita, a ga iyakar igiyoyin da za su iya jurewa da iyakar waɗanda suke fitarwa. Ɗakin MRI kuwa, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu da igiyoyin rediyo, bangonsa da rufinsa da ƙasansa ana lulluɓe su da ƙarfe, galibi jan ƙarfe, bisa dabarar da masanin kimiyya Michael Faraday ya nuna a 1836. Idan ƙofar ɗakin ba ta rufu sosai ba, igiyoyin rediyo na waje za su shiga, kuma za a ga sawunsu a hoton kamar layin zif ya ratsa tsakiyarsa.