Wai Amurka ta daina gwada magani a kan dabbobi?

Wannan saƙon da kuke gani a allo ya zagaye WhatsApp da Facebook: wai Amurka ta haramta gwajin magani a kan dabbobi. To, su dai ɓerayen labarin bai kai musu ba, ga su nan a kejinsu.

A watan Disambar 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a wata doka da ta cire tilascin gwada sabon magani a jikin dabba kafin a gwada shi a jikin mutum. Tilas aka cire, ba a hana kowa ba. Kamfani na iya kawo wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wata hujjar daban, idan yana da ita. A Afrilun 2025 hukumar ta sanar da shirin rage dogaro da dabbobi sannu a hankali.

Wace hujja ke nan? Bari mu bi su da sauri. Wannan fatar mutum ce da aka raina a ɗakin gwaji. Waɗannan 'yan ƙwallayen kuma ƙananan hanji ne, irin waɗanda masanin kimiyya Hans Clevers da abokan aikinsa suka fara rainowa a Holan a 2009. Ga kwamfuta, tana duba siffar sinadari ta yi hasashen gubarsa. Sai wannan da kowa ke so ya ɗauka hoto: huhu a kan cip, wato 'yar na'ura mai ɗauke da ƙwayoyin jikin mutum, daga Cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard, 2010. Girmansa bai wuce filashi ba. Ƙwayoyin huhu a sama, na jijiyar jini a ƙasa, tantani a tsakani. Ku duba yadda yake miƙewa yana komawa. Numfashi yake kwaikwayo.

Yanzu ku gyara zama, don nan ne ake yawan kuskure.

Mutane suna ɗauka tunda ƙwayoyin mutum ne a ciki, shi ke nan an gama, gobe a sallami ɓeraye. Ai hukuma ba ta yarda da na'ura don ta burge ta. Kafin a amince da sabuwar hanya, sai an yi mata jarrabawa, kuma jarrabawar da masu ita suka riga suka san amsarta.

Ga yadda ake yi. A ɗauko magungunan da tarihi ya nuna sun lalata hantar mutane, a haɗa da waɗanda aka san ba sa cutarwa. A cire sunayensu, a manna musu lamba, yadda mai gwajin bai san wanne ke hannunsa ba. A zuba wa cip ɗin. Zai kama masu gubar? Wannan rabin tambayar ne. Ɗaya rabin: zai ƙyale marasa laifi? Na'urar da ke ihun guba a kan komai ba ta da amfani, magani mai kyau za ta sa a zubar.

A 2022 kamfanin Emulate ya yi irin wannan da cip na hanta guda 870 da magunguna 27. Ya kama kashi 87 cikin 100 na masu cutar da hanta, bai kuma ɗora wa ko ɗaya daga cikin marasa guba laifi ba. Sakamako ne mai kyau. Amma fa kamfanin da ke sayar da cip ɗin ne ya yi binciken, ni kuwa ban taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa ba. Shi ya sa ake son wasu ɗakunan gwaji a wasu ƙasashe su maimaita, da wasu hannaye, amsa ta fito iri ɗaya. A nan shekaru suke tafiya.

Akwai wani ƙulli kuma. Da me za a auna sabuwar hanyar? In aka ce sai ta ba da amsar da dabba ta bayar, to har kurakuran dabbar za ta gada. Ba mu da hoton wannan, don haka ku saurara. A Landan, 2006, an ba mutum shida maganin gwaji mai suna TGN1412. Birai sun ɗauki ninkin abin da aka ba mutanen sau ɗari biyar, lafiya lau. Mutanen shida kuwa, cikin sa'o'i garkuwar jikinsu ta haukace, duk aka kwantar da su a sashen kulawa ta musamman. A ganina, ma'aunin gaskiya shi ne abin da ya faru a jikin mutum, sai dai irin wannan bayanin ba shi da yawa, kuma ba mai fatan ya ƙaru.

In hanya ta ci jarrabawar ma, tambaya ɗaya tak aka yarda ta amsa. Fatar ɗakin gwaji za ta faɗa maka ko sinadari na ƙona fata. Ba ta san abin da zai yi wa ɗan tayi ba, ko abin da zai haifar bayan shekara biyu ana sha. Cip na hanta bai san me ƙoda ke ciki ba. Wannan na cikin dalilan da kayan kwalliya suka riga magani: Tarayyar Turai ta hana sayar da waɗanda aka gwada a kan dabbobi tun 2013.

Ga misalin saurin tafiyar. Wannan zomon, allura ake yi masa a auna zafin jikinsa, don a gane ko maganin zai sa mutum zazzaɓi. Gwajin da ke amfani da ƙwayoyin jinin mutum a madadinsa ya shiga kundin ƙa'idojin magunguna na Turai a 2010. Sai a 2021 aka yanke shawarar kawar da gwajin zomon kwata-kwata, shi ma aka ɗiba masa wa'adin shekara biyar.