Sondi lambda ɗan aike ne, a saurare shi kafin a cire shi

Wannan lacca ce da wani dattijon makaniki ya yi wa masu garaji da yaransu a Tahoua, wata Lahadi da hantsi, a ƙarƙashin rumfar wani garaji. An ɗauke ta a waya, na saurara na rubuta. Na cire wuraren da ƙarar inji ta rufe magana.

Assalamu alaikum. Iyayen gidana da ke nan, abokan sana'a, da ku yara masu koyo, Allah ya saka da alheri da kuka bar aiki kuka zo.

Ku karɓi wannan abin, ya zagaya kowa ya taɓa. Girmansa bai wuce na buji ba, ga waya huɗu a gindinsa. Shi ne sondi lambda. Daga wata Corolla na ciro shi shekarun baya, kuma lafiyarsa ƙalau. Dalilin da ya sa nake aje da shi har yau, za ku ji.

Injin esans yana da ma'auninsa. Kilo ɗaya na mai yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙwaƙwalwar mota, wadda muke cewa kalkulater, ita ke auna man da injekter za su fesa, amma ba ta da ido a cikin inji. Sai aka dasa mata wannan a bututun hayaƙi, eshapma ke nan, ko salansa kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa, don ya riƙa kawo mata labarin abin da ya fito. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara ƙera irinsa, Volvo kuma ta fara sa shi a mota a 1976.

A cikin bakinsa akwai ɗan tangaran da aka yi da zirkoniya. Gefe guda hayaƙi ke taɓa shi, ɗaya gefen iskar waje. Bambancin oksijin tsakanin biyun shi ke haifar da 'yar wutar lantarki. In mai ya yi yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, sai ya ba da wajen volt 0.9. In iska ta rinjaya sai ya sauka wajen 0.1. Tsakiyar ita ce 0.45. Kalkulater ya ga 0.9 ya rage mai, ya ga 0.1 ya ƙara, haka suke yi tun daga nan har Konni, sama da ƙasa, kusan sau ɗaya kowace daƙiƙa.

Yara, ku riƙe wannan da kyau. Sondi bai san warin mai ba. Oksijin kaɗai yake gani. Daga ina oksijin ɗin ya fito, wannan ba ruwansa. Buji ya ƙi kama wuta, mai da iska suka fito ɗanye, shi oksijin zai gani ya ce iska ta yi yawa, alhali eshapma na warin esans. Bututu ya tsage a gabansa iskar waje ta kutsa, haka zai faɗa. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa.

Kuma ba ya magana sai ya yi zafi, sama da digiri 300. Shi ya sa cikin wayoyin nan huɗu, biyu na abin ɗumama shi ne, rezistans ke nan, ɗaya ta labari, ɗaya ta mas, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. A na Bosch farare biyu su ne na ɗumamawa, baƙa ta labari, mai ruwan toka ta mas. A na Denso da ke cikin Toyota baƙaƙe biyu ne na ɗumamawa, shuɗiya ta labari, fara ta mas. Wanda ya haddace launin guda ya je ya taɓa ɗayan, ya shiga uku.

To, mota ta zo. Mai ita ya ce tana shan mai kamar raƙumi ya iske rijiya, tana baƙin hayaƙi, ralanti, wato juyin inji in ba a taka totur ba, na rawa, fitilar inji ta kunnu a tablo. Mu kuma yanzu kowa ya samu balis, wato na'urar karanta lambobin matsalar mota, ko 'yar ƙaramar nan da ake haɗawa da waya. Tun 1996 a Amurka, tun 2001 a Turai ga motocin esans, kowace mota na zuwa da kafar nan mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma motocin da ke iso mana ta Kwatano da Lome galibinsu suna da ita. Sai yaro ya jona, lamba ta fito, ya ga kalmar sondi a rubuce, ya ɗaga kai ya ce, «Maigida, sondi ne.» A aika kasuwa. Wannan shi ke ci mini rai, domin ni ma na yi shi.

Wani direban taksi da ke bin hanyar Tahoua zuwa Konni ya kawo mini Corollarsa. Balis ta ba da P0171, wato iska ta rinjayi mai. Na ciro buji, duk huɗun baƙi ƙirin da kunkunniya. Na ce a raina, inji cike da mai, sondi na cewa ba mai, ai ƙarya yake. Na sa bawan Allah ya ranto jika talatin da biyar ya sayo sabo, na ɗaura. Kwana huɗu sai ga shi da sassafe, bai ko yi faɗa ba, ya ce, «Malam, har yanzu tana sha.» Da yake injin bai gama zafi ba, yana tayarwa na ji wani ɗan tas-tas-tas daga gaba, minti biyu ya ɓace. Na bari ya huce, na cire ƙarfen da ke rufe kolekter, wato bututun da ke tara hayaƙi daga jikin inji, na haska toci. Ga wani siririn layi baƙi kamar an zizara kwalli, tsawon ɗan yatsa, taƙi guda sama da sondin. Kolekter ne ya tsage. Iska na shiga ta nan, sondi na kai labarin gaskiya, kalkulater na ta tuttula mai. Na mayar masa da kuɗin aikina, amma bashin da ya ci da man da ya ƙona, mutum mai iyali, wannan ba wanda ya mayar masa. Tsohon sondinsa ne ke hannunku.

Ruwa ba ya tsami banza. P0171 da P0172 ba su ambaci mutuwar sondi ba ko kaɗan, cewa suke haɗin mai da iska ya karkace, je ka nemo dalili. Ko lambobin da suka kira sunansa, daga P0130 zuwa P0135 ga sondin da ke gaban katalizer, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, P0136 zuwa P0141 ga na bayanta, hanyar wutarsa baki ɗaya suke nufi, da waya, da fish, wato mahaɗar wayar, da fizibil, wato fis.

Saboda haka da ido da kunne ake farawa. Ka bi wayar da hannu tun daga gindi har fish. Sau nawa muka iske ta kwanta kan eshapma ta narke, ko ɓera ya ci, ko wani ya sauke bwat, akwatin giya ke nan, ya manta bai mayar da fish ba. Motocin da ke bin hanyar Abalak da Agadez kuwa, girgiza kaɗai ta isa ta tsinke waya ta ciki, roba na nan lafiya. Sannan a tayar da inji da sanyinsa, yaro ya ɗan toshe bakin eshapma da tsumma, kai ka saurara, ka kai hannu kusa da kolekter da juwan, wato gasket, ba tare da ka taɓa ba. In da ɓula za ka ji tana huro maka.

In lambar ta ɗumamawa ce, P0135 ko P0141, aikin mai sauƙi ne. Cire fish, sa multimetir a om, auna tsakanin wayoyi biyun nan masu launi ɗaya. A irin na Corollar nan za ka ga 11 zuwa 16 in yana da sanyi, wasu motocin ƙasa da haka, sai a duba na kowace. In bai nuna komai ba, rezistans ya tsinke, sondin ya tafi. In ya nuna daidai, buɗe kontak ka nemi volt 12 a ɓangaren mota. Babu? To fizibil ne ko rele ko waya, ka bar sondin mutane. Amma kada ka sa ma'aunin om a kan wayar labari, ba a auna ta haka.

Yanzu ga inda balis ke da amfani na gaske, kuma nan ne yawancinmu ba mu shiga. Bayan shafin lambobi akwai shafin da ke nuna abin da inji ke yi yanzu-yanzu. Bari inji ya yi zafi sosai, riƙe shi wajen juyi 2500 a minti, ka kalli wutar sondin gaba. Mai lafiya yana kai da komo tsakanin 0.1 da 0.9 ba hutawa. Wanda ya tsufa yana yi, amma a kasalance, sai ya hau ya daɗe kafin ya sauko, shi ne P0133. In ya tsaya cik wuri guda, kada ka yanke hukunci tukuna, tsokane shi. Taka totur da ƙarfi sau ɗaya ka saki: ya kamata ya yi tsalle sama da 0.8, sannan ya faɗo ƙasa. Zare ɗan ƙaramin tiyon iska a bayan papiyon, wato ƙofar iskar da totur ke buɗewa: ya kamata ya faɗi wajen 0.1 nan take. In ya amsa duka biyun, yana da rai, matsalar na wani wuri. In ka yi masa duk wannan bai motsa ba, wuta na zuwa, waya lafiya, mas lafiya, to a nan ne kake da hujjar cewa mai mota ya sayo sabo.

A shafin nan kuma akwai gyaran mai, STFT da LTFT, wato kashi nawa cikin ɗari kalkulater ke ƙarawa ko ragewa. Abin da bai wuce 10 ba, sama ko ƙasa, ba damuwa. In ka ga ƙari 20 a ralanti, ka taka zuwa 2500 ya sauko, iska ce ke satar hanya ta tiyo ko juwan admisiyon. In kuwa sai ka taka yake ƙaruwa, mai ne ba ya isa: pomp, filtar mai, injekter da suka toshe, ko debimetir, mai auna iskar da ke shiga inji, da ƙura ta rufe. Mu da ke shan hunturu wata uku, ga masu hure filtar iska har ta yage su mayar, ga man kwalba na bakin hanya da wani lokaci ke zuwa da ƙasa da ruwa, debimetir da injekter sun fi sondi yawan laifi a garin nan. Abin da na gani ke nan a aikina.

Hattara da Toyota na baya-bayan nan, irin su Hilux na esans da RAV4 da Camry. Sondinsu na gaba wani iri ne, ba ya kai da komo. Balis za ta nuna shi zaune wajen volt 3.3, in mai ya yi yawa ya sauka, in iska ta yi yawa ya hau, akasin wancan. Na ga an zubar da masu lafiya saboda wai sun tsaya wuri guda, alhali haka aka ƙera su.

(Wani matashi ya tambaya ko ana wanke sondi da esans ya dawo aiki.)

Ɗana, in kunkunniya ce kawai, gyara abin da ke kawo ta, zafin tafiya zai ƙone ta. Amma dubi bakinsa ka karanta. Fari kamar an barbaɗa alli, silikon ne, irin man juwan da muke shafawa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan radiyater na shiga inji ta juwan kilas. Toka mai kauri, inji na cin baƙin mai. Waɗannan guba ce ta shiga cikin tangaran, wanki ba ya fitar da ita, kuma in ka ɗaura sabo ba ka gyara tushen ba shi ma haka zai mutu. Da can dalma ce babbar mai kashe su, amma tun farkon 2006 aka daina sayar da esans mai dalma a ƙasashenmu na kudu da Sahara.

(Wani mai garaji ya ce motoci da yawa na zuwa an riga an fashe katalizer ɗinsu.)

Gaskiya ne, Alhaji, saboda platin da paladiyom da rodiyom da ke ciki ake fashe shi a sayar. Ga yadda za ka gane: sondin baya, in katalizer na nan da rai, wutarsa kusan a kwance take, wajen 0.6 ko 0.7. In ka ga yana kai da komo kamar na gaba, ga P0420, to tukunyar fanko ce ko ta mutu. Ko sondi goma ka canza fitilar za ta dawo. Ka faɗa wa mai mota gaskiya, kada a cire ƙwan fitilar tablo a ce an gyara, domin ranar da babbar matsala ta zo ba abin da zai gargaɗe shi.

In har canjin ya tabbata, a sayo da lambar da ke jikin tsohon, da fish ɗinsa, kada a yanke waya a yi mata dalma, domin wasu ta cikin wayar suke shaƙar iskar waje. Araha ba ta ado, na ga sababbi fil a kwali da ba su yi wata biyu ba. A kwance shi inji na da ɗumi, da kile 22, a fara ɗaura sabon da hannu don kada haƙori ya hau haƙori, maiko kuma kada ya taɓa bakinsa. A share lambobi, a yi tafiya da ita har hanyar Konni a dawo, a sake duba gyaran mai.

Ga motar Alhaji can a waje, fitilarta na kunne tun sati biyu. Yara, ɗaya ya kawo balis, ɗaya ya kawo tsumma da toci. Kada kowa ya tayar da ita sai mun taru, ina son ku ji ta da sanyinta.