Lacca: hannu ke riga baki yin bankwana

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu ukku zan faɗa kan yadda jinjiri ke koyon bankwana.

Na farko, hannu ke riga baki. Tsakanin wata 9 zuwa 12 yawancin yara ke fara ɗaga hannu, tun magana bata zauna bakinsu ba, kuma kwaikwayo ne zalla. Ku lura hwa, wasu in zasu yi maki bai-bai tafin hannun, su yake kallo, ba ke ba, suna buɗewa suna dunƙulewa kamar mai roƙon ƙuli-ƙuli. In kin ɗaga mashi hannu ai tafinki yake gani, shi ma sai ya juyo nashi ya gani. Ɗiyata ta fari haka tayi, kuma ita bata ɗagawa sai baƙo ya hau kabu-kabu ya sha kwana, sannan ta kama aiki, tayi ta yi ma ƙyauren gida bankwana (dariya).

Kuma mu nan Maraɗi bankwana ai ba ta minti guda bace. A yi sai an jima a tsakar gida, a sake a zaure, a gaida gida, gida ya ji, a taka maki har bakin hanya nan ma a buɗe sabuwar hira. Duk rakiyar nan yaro na goye a baya yana leƙe ta kafaɗa, darasi yake ɗauka, sau nawa a rana? Lakwal ce ba kuɗin rajista.

Na biyu... a'a na ukku ne ko? Ku dai riƙe. Wajen wata 8 yaro ke fara gane abin da ya ɓace ma ido yana nan, Piaget, wani masanin tunanin yara mutumin Suwizalan, ya yi aiki kan wannan, shi yasa kukan rabuwa ke tasowa lokacin.

Na'am Hajiya? Tace ita in zata kasuwa sulalewa take, kar ya gani yayi kuka. Hajiya ai zai yi kukan, bakya nan ne kawai, gobe kuma ko bayi zaki shiga yana riƙe da zanenki. Ki ɗaga mashi hannu, kice na tafi ina dawowa, ki fita kar ki tsaya lallashi a zaure. In kin dawo ki fara da shi kafin ki sauke kaya. An kira la'asar ko? To mu tashi.