Daga Viyana Zuwa Hamburg a Kwance: Yadda Jirgin Dare Ya Farfaɗo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hayaniya, a babbar tashar jirgin ƙasa ta Viyana nake, babban birnin ƙasar Ostiriya, magariba ta wuce. Bari in juya muku kyamarar ku ga allon nan da ke sama. Ku karanta sunayen garuruwan da kyau: Hamburg, Amsterdam, Zurich, Rum. Duk a daren yau jirage za su tashi zuwa can daga nan inda nake tsaye. Nawa shi ne na Hamburg, can arewacin Jamus, tafiyar sama da awa goma sha biyu. Kuma ba a zaune zan yi ta ba, a kwance.

Wani abokin aikina da na gaya masa, sai ya yi mini kallon wanda ya sami taɓuwa. Wai jirgin sama awa ɗaya da rabi ne, me ya yi zafi? Na ce masa ya lissafa tafiya filin jirgi, da layin bincike, da cire bel da agogo, da jiran kaya, da kuɗin otal na daren da ya isa. Bai gamsu ba. Ni ma ban matsa ba.

To ga shi ya shigo. Kun gan shi, shuɗi mai duhu da jan layi a jiki. Nightjet ke nan, na kamfanin jiragen ƙasa na gwamnatin Ostiriya, wato ÖBB. Mu nemi taragonmu.

Kafin in nuna muku ciki, sai na ba ku labarin jirgin nan, don shi ya sa na ɗauki kyamara yau. Shekara goma da suka wuce, jirgin dare a Turai yana kan gargara ne. Jiragen sama masu araha sun kwashe fasinja, jiragen ƙasa masu gudu na rana sun kwashe sauran. A watan Disamba na 2016 kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya rufe jiragensa na kwana gaba ɗaya, ya ce asara yake yi. Kowa ya ɗauka an yi jana'iza an watse. Sai 'yan Ostiriya suka ce a sayar musu da taragan. Suka karɓi wasu daga cikin hanyoyin, suka yi wa taragan sabon fenti, suka raɗa musu wannan suna. A lokacin da yawa sun ga kamar sun sayi mushe ne. Amma su sun san abin da suka taka. Viyana tana can gefen gabas, ƙasar duk duwatsu ce, ba ta da irin dogon layin gudu na Faransa ko Sifaniya. Daga nan zuwa da yawa daga cikin manyan biranen Turai tafiyar awa goma ce ko fiye. Tafiyar awa goma kuwa da rana azaba ce, da dare barci ce.

Sannan sa'a ta zo ta same su a hanya. Wajen 2018 aka fara wani yayi a Siwidin na jin kunyar hawa jirgin sama saboda hayaƙin da yake fitarwa, abin ya bazu. Mutane suka koma neman jirgin ƙasa, suka tarar ɗan abin da ya rage yana hannun wanda bai yar ba.

Yauwa, ga masaukina. Kada ku yi dariya. Wannan shi ne sabon samfurin da kamfanin Siemens ya ƙera, aka fara aiki da shi a Disamban 2023, kuma a wannan hanya ta Hamburg aka fara sa shi. Abin da kowa ke magana a kai shi ne waɗannan 'yan akurki na mutum ɗaya ɗaya, biyu a ƙasa biyu a sama. Da kati ake buɗewa, kamar ɗakin otal. Ga wata 'yar ma'ajiya ta takalmi, ga ta jaka a gefe. Bari in cusa kaina. To, kun ga. Miƙewa tsaye babu ita, amma ina zaune kaina bai taɓa rufi ba. Ga ɗan tebur da ake jawowa, in ka ɗaga murfinsa madubi ne. Ga wurin cajin waya, ga 'yar taga daidai kaina. Wannan ƙyauren kuma da ke wajen matashi, in maƙwabcinka naka ne, matarka ko ɗan'uwanka, sai ku zuge ku yi hira. Nawa maƙwabcin ban san shi ba, don haka a rufe zai kwana. Wanda ƙunci ke damu, gaskiya ya nemi ɗaki mai gado huɗu ko na alfarma mai banɗaki a ciki. Ni dai da na ja ƙofa na ji ta ƙulle, babu mai yi mini minshari a ka, sai na ji kuɗina sun fita.

Mun tashi. Linz ce a gaba, sai Passau a bakin iyakar Jamus.

Yanzu da na natsu, bari in faɗa muku abin da masu ɗaukar hoton taga ba sa faɗa. Jirgin dare sana'a ce mai wuyar riba. Taragon kujeru yana ɗaukar mutum saba'in ko fiye, na gadaje kuwa ba ya kaiwa haka. Jirgin rana zai yi sawu uku ko huɗu, ya sauke wasu ya ɗauki wasu a kujera ɗaya. Wannan gadon da nake kai sau ɗaya za a sayar da shi a dare, da rana kuma jirgin yana ajiye yana shan rana. Ga ma'aikatan dare, ga wankin zannuwa. Sannan duk ƙasar da aka ratsa sai an biya kuɗin taka layin dogonta, kilomita bayan kilomita. Shi kuwa jirgin sama da ke ketare iyaka, ko harajin mai ba ya biya. To ina gasa a nan?

Ga kuma wata matsalar da ido ba ya gani. Wutar da ke cikin wayoyin saman layin ba iri ɗaya ba ce. Ostiriya da Jamus da Siwizalan tasu ɗaya, bolt 15,000. Ka shiga Italiya ko Beljiyam, 3,000 ce kuma wani nau'i dabam. Holan 1,500. Kowace ƙasa da tsarin siginarta, da harshen da direba zai yi magana da masu kula da layi. Ko dai a canza kan jirgi a iyaka, ko a sayi mai tsada da ke cin kowace wuta. Tarayyar Turai ta daɗe tana ƙoƙarin haɗa siginar ta zama ɗaya, aikin yana tafiyar hawainiya.

Shi ya sa in kun ji ana ta shelar jirgin dare ya dawo, ku riƙe rabi. An buɗe hanyar Viyana zuwa Paris a Disamban 2021, aka ƙara ta Barlin zuwa Paris a 2023, da kaɗe-kaɗe da ministoci a tasha. A Disamban 2025 duka biyun suka tsaya, saboda gwamnatin Faransa ta janye tallafin da take bayarwa. Ba rashin fasinja ba ne, jiragen suna samun mutane. Alƙalami ɗaya ne a kasafin kuɗi ya kwantar da su. A gefe guda kuma akwai irin su European Sleeper, ƙungiyar haɗin gwiwa da jama'a suka zuba wa hannun jari, wadda ta fara jigila tsakanin Brussels da Barlin a 2023 da tsofaffin taragan haya, shekara ta zagayo ta miƙa har Prague.

A nawa ganin, inda ake ainihin faɗaɗa tafiyar dogon zango ba cikin wannan ɗan akurkin nawa ba ne, ƙarƙashin duwatsu ne. Siwizalan ta buɗe ramin Gotthard a 2016, kilomita 57, babu ramin dogo da ya kai shi tsawo a duniya. Nan Ostiriya, a Disamban 2025 aka buɗe layin Koralm mai rami na kusan kilomita 33. Graz zuwa Klagenfurt da ake yi a kusan awa uku ya dawo minti 41. Ku tsaya ku auna wannan. Mutum zai kwana a wannan gari ya yi aiki a wancan. Ana kuma kan haƙa na Brenner tsakanin Ostiriya da Italiya, kilomita 55. Irin waɗannan ayyuka shekara ashirin suke ci ko fiye, wanda ya aza harsashi ba shi ke yanka ƙyalle ba. Kuma in an gama su, sabon ministan kuɗi ba zai iya soke rami ba.

Ma'aikaciyar taragon ta leƙo yanzu, ta duba tikitina ta tambaye ni shayi ko kofi da safe. Na ce shayi. Bari in kashe fitila, sai an jima.

Jama'a, ƙarfe ɗaya ta wuce, da raɗa nake magana. Wani ɗan girgiza ne ya tashe ni. Nuremberg muke. A nan ake wani aiki mai ban sha'awa: jirginmu ya taso ne haɗe da na Amsterdam, wani kuma ya taso daga Innsbruck ta Ostiriya shi ma rabi na Hamburg rabi na Amsterdam. A nan ake kwance su a sake ƙulla su, masu zuwa Hamburg su haɗu, masu zuwa Amsterdam su haɗu. Ga wani ma'aikaci can da riga mai ƙyalli da tocila a hannu, yana tafiya shi kaɗai a dandamali. Ɗaruruwan mutane suna ta barci, ba su san an juya musu jirgi ba.

Barka da asuba. Sallah a zaune na yi ta, don kun ga yanayin wurin. Barci kuwa na samu, ba irin na gida ba, amma ya isa. Duwatsun nan duk sun ɓace, ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, sai hazo da manyan fankokin samar da lantarki suna juyawa. Shayi ya iso. Maƙwabcin nawa ashe wani dattijo ne, mun haɗu a wajen takalma, ya ce jikokinsa zai je gani, kuma ya fi shekara talatin yana bin wannan hanya tun zamanin tsofaffin taragai.

Mun iso Hamburg. Ga kogin Elbe nan, ga injinan ɗaga kwantena na tashar jiragen ruwa. Bari in tattara cajata in lalubo katin ƙofar nan, na san a cikin bargo ya shige.