Kafin ka goge kulas ɗin motonka, ɗauko sirinji

[Hoto: allon waya, hannu yana goga kulas a kan sanfefa da aka shimfiɗa bisa siminti]

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan ɗan bidiyon ya zagaye gurufofin WhatsApp na ƴan kabu-kabu da yaran gareji a nan Yamai, kuma ku ne kuka yi ta turo mini shi kuna tambaya ko gaskiya ne. Yaro ya kwance kulas, wato kan injin moto, ya yi ta guga har hannunsa ya gaji, ya mayar ya ɗaure, sai ga moto yana ihu a kan kwalta. A ƙasa kuma an rubuta wai ƙarfi ya ninka.

Gugar kulas tana ƙara matsi, wannan babu gardama. Abin da ya dame ni shi ne tun daga farkon bidiyon har ƙarshensa ba a auna komai ba. To, a kan awon nan za mu daɗe yau, sauran kuwa za mu bi su da sauri.

[Hoto: injin 125 a kan teburi, an cire kulas, hannu yana juya injin, fiston yana hawa yana sauka]

Ku dubi fiston. Idan ya sauka, iska da esansi su cika silinda. Idan ya hau har ƙololuwa, sai ya tura su duka cikin ɗan wurin da ya rage tsakaninsa da kulas. Ɗan wurin nan ake kira ɗakin ƙuna, kuma girmansa shi ke yanke yawan matsi.

Mu ɗauki injin da ya fi yawa a titunanmu, 125 mai zubin Honda CG. Faɗin silinda milimita 56.5, tafiyar fiston milimita 49.5, abin da yake sharewa cc 124. Irin wannan injin yakan zo daga kamfani da matsi wajen 9, ma'ana ɗakin ƙunarsa bai wuce cc 15 da rabi ba. Cokali uku na shayi ke nan da ɗan ɗigo. Lissafin ba wuya: ka haɗa 124 da 15.5, ka raba da 15.5, ka samu 9.

[Hoto: allo da alli, ana rubuta lissafin]

Yanzu ku kula da kyau. A wannan faɗin silinda, duk rabin milimita da ka cire daga fuskar kulas yana iya kwashe kusan cc 1.25 daga ɗakin. Rabin milimita kawai, matsi ya tashi daga 9 zuwa wajen 9.7. Ka cire milimita ɗaya, ka kai 10 da rabi. Wa ke iya ganin rabin milimita da ido yana durƙushe kan siminti? Babu. Shi ya sa wanda ya goge bai san inda ya tsaya ba, mai moton ma bai sani ba, sai ranar da injin ya faɗa musu.

Ribar fa? Daga 9 zuwa 10, ƙarin ƙarfin da ake samu kashi 3 ne zuwa 4 cikin 100. A injin da ke ba da doki 10 ko 11, ko rabin doki ba ka ƙara ba. Za ka ji moto ya ɗan ƙara kuzari wurin tashi, zai ɗan rage shan mai idan an daidaita shi, kuma wannan riba ce ta gaske, ina son ta. Amma ninki? Ko kusa.

[Hoto: sirinji na cc 20, gwangwanin giris, kwalbar baƙin mai sabo]

Ga kayan aikin. Sirinji daga farmasi, giris kaɗan, da man inji mara kauri. Ka cire kulas, ka kawo fiston ƙololuwa, ka shafa giris siriri a kewayen bakinsa don kada mai ya zurara ta wurin sagma, wato zobban da ke jikin fiston, ka goge abin da ya yi yawa. Ka mayar da kulas da juwan ɗinsa, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninsa da silinda, ka ɗaure yadda ya kamata, supaf biyu, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, a rufe. Sai ka karkata injin har ramin buji mai kunna wuta ya zama shi ne can sama, ta yadda iska za ta samu hanyar fita.

A hankali. Kada ka yi gaggawa a nan.

[Hoto na kusa: mai yana shiga ramin buji ɗigo-ɗigo]

Ka yi ta ɗura mai kana ƙirgawa, har ya taɓo zaren farko na ramin buji daga ciki. Abin da ya fita daga sirinji shi ne girman ɗakin ƙunarka na gaskiya, da juwan, da siffar kan fiston, da komai a ciki. Ka rubuta shi a takarda. Ka sake gwadawa, domin kumfar iska ɗaya tana iya ɓata maka cc guda, kuma kun ga abin da cc guda ke yi.

Wannan awon ne zai faɗa maka ko ma kana da abin cirewa. Motoci da yawa da ke shigowa gareji an riga an taɓa kulas ɗinsu a hannun mai su na farko, saboda ya taɓa yin zafi ya lanƙwashe aka daidaita shi. Wasu kuma an ɗora musu silinda 150, mai faɗin milimita 62, a ƙarƙashin kulas na 125. Wannan kaɗai yana iya kai matsi sama da 10 ba tare da an goge ko ƙwayar ƙarfe ba. Ka zo ka ƙara guga a kai, ka ga inda aka nufa.

Idan ka gama, ka cire kulas ka tsane man nan tas. Mai ba ya matsuwa. Ka buga kik da shi a ciki, biyel ce, wato sandar da ke riƙe da fiston, za ta lanƙwashe.

[Hoto: dunƙulen cingam biyu a kan fiston, daidai inda supaf ke sauka]

Awo na biyu, kuma shi ne wanda ake tsallakewa har a manyan gareji. Duk abin da ka cire daga kulas, ka matso da supaf kusa da fiston ke nan. Akwai lokacin da fiston yake can sama, supaf na fitar hayaƙi bai gama rufewa ba, na shigar mai kuma ya fara buɗewa. A nan suke gaisawa, kuma ba ma son su taɓa hannu.

Ka manna cingam ko laka mai laushi a kan fiston, ka shafa wa supaf ɗan mai don kada ya liƙe, ka ɗaure kulas, ka daidaita supaf, ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Da hannu, ƴan uwa, ba da kik ba. Ka ji ya cije, ka tsaya, kada ka tilasta. Ka buɗe, ka yanka cingam ɗin da reza ta tsakiyar sawun supaf, ka auna kaurinsa. Ni ba na yarda da ƙasa da milimita ɗaya da rabi a na shiga, da milimita 2 a na fita, domin na fita ya fi ɗaukar zafi, yana ƙara tsawo. Injin da ke juyi 8,000 a minti ɗaya ba ya yafe kuskuren rabin milimita.

Tsakanin gefen fiston da kulas kuma, ka zura wayar dalma ta masu gyaran rediyo ta ramin buji har ta taɓa bangon silinda, ka juya injin ya matse ta, ka auna. A ƙaramin inji irin wannan, wajen milimita ɗaya shi ne wurin zama lafiya.

[Hoto: moto ɗauke da mutum biyu da buhu yana hawa gadar Kennedy da tsakar rana]

Me ya sa nake ta jan kunne haka? Saboda inda muke zaune. Injin nan iska ce kawai ke sanyaya shi, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40. Idan matsi ya yi yawa, buji ya kunna wuta, kafin wutar ta isa gefe sai ragowar man da ke can ya fashe da kansa saboda zafi da matsi. Shi ne ƙarar nan da kuke ji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman idan moto ya ɗauki kaya, yana babbar bites, wato babbar giya, ka murɗa masa wuta. Kowane ƙas-ƙas ɗin nan duka ne a kan fiston. Yana cinye gefensa, ya karya mazaunin sagma, wata rana ya huda shi.

Sannan ga batun mai. Masu tsere da kuke gani a intanet suna kai matsi 12 ko 13 da mai na musamman, da injin da ruwa ke sanyayawa. Kai kuwa yau ka sha a gidan mai, gobe ka sha na kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, ba ka san ƙarfin wanda aka zuba maka ba. A ra'ayina, moton da ake neman abinci da shi kada ya wuce 9 da rabi, iyaka 10. Wanda ke ciyar da iyali da kabu-kabu, kwana uku a gareji sun fi masa ciwo a kan rabin dokin da ya samu.

[Hoto: kulas ɗaure a kan injin yankan ƙarfe]

Idan awo ya nuna akwai wuri, kai kulas wurin mai injin yankan ƙarfe, ka faɗa masa adadi: milimita 0.3 ko 0.5. Siminti ba shi da lebur, gugarsa tana cin gefe ɗaya fiye da ɗaya, juwan ya ƙi zama, ya fara hurawa. Ko ka fara da juwan mara kauri, wanda idan bai yi ba za ka iya mayar da tsohon. Ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa.

Sauran aikin kulas, da sauri. Ramin shigar mai: ka share ƙurajen da zubin ƙarfe ya bari, musamman a ƙarƙashin mazaunin supaf, amma kada ka faɗaɗa shi, domin rami mai faɗi yana rage gudun iska, moto ya mutu wurin tashi. Kada kuma ka goge shi ya yi sheƙi, ɗan kaushi yana hana esansi kwanciya a bango. Na fitar hayaƙi kuwa, goge shi sumul yadda kake so. Ka yi wa supaf rodaji, wato ka murza shi a mazauninsa har ya zauna daram, ka zuba esansi a ramin ka gani ko zai zubo. Wallahi sau da yawa wannan kaɗai ke dawo da ƙarfin da mutum ya zo nema, tun ba a yanke komai ba.

[Hoto: hannu yana ɗaure noti huɗu a gicciye, sannan buji a tafin hannu]

Ɗauri a gicciye, kaɗan-kaɗan. A injin CG mai sandunan tura supaf, sai ka sake daidaita tazarar supaf. A injin da sarƙa ce ke motsa supaf daga sama, ka duba alamar lokaci da taurin sarƙar, domin kulas ya sauko, sarƙa ta saki. Ka fita gwaji da rana, ba da sanyin asuba ba, ka ɗauki mutum a baya, ka saurara. Ka dawo ka cire buji: ruwan ƙasa, lafiya lau. Idan ya fito fari fat ko da ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikinsa, ka ƙara girman jiklar, wato ƴar ƙofar da ke auna mai a karburato, in kuma ƙarar tana nan, ka mayar da juwan mai kauri kafin moton ya sake hawa titi.