Houston Rockets: na ɗaya ba gardama, rigimar na biyu ce

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Houston Rockets za mu taɓa, ƙungiyar ƙwallon kwando ta NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, da aka kafa a San Diego a 1967 kafin ta tattara ta koma Houston a 1971. Kuma tun yanzu in gaya muku, kujerar na ɗaya da mai ita, Hakeem Olajuwon.

Haifaffen Legas ne, gola yake yi a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ta hannu, sai da ya kai wajen shekara 15 sannan ya fara kwando. A 1984 Houston ta ɗauke shi a matsayin zaɓin farko cikin sababbin 'yan wasan da ke shiga NBA, Michael Jordan na uku aka ɗauka a wannan shekarar fa, amma har yau da wuya ka ji ɗan Houston yana cizon yatsa.

Ga yadda yake sarrafa ƙafarsa. Ya juya baya, ya yi kamar zai bi dama, mai tsaronsa ya ci wayon ya yi tsalle, shi ko ya murɗe ta hagu ya jefa abinsa. Wannan shi ne Dream Shake, dogo ƙato amma ƙafa ta ɗan bal. A 1994 shi ne MVP, wato gwarzon ɗan wasa, na kakar wasa, shi ne gwarzon mai tsaro, shi ne MVP na fainal, duk a shekara ɗaya, sun doke New York Knicks a wasa na bakwai, wato na ƙarshe a jerin wasannin fainal, bayan ya taɓe ƙwallon ɗan wasan Knicks John Starks a sakan ɗin ƙarshe na wasa na shida, da ta shiga da shikenan kofi ya tafi. A 1995 kuma daga mataki na shida a yankinsu suka taso, Clyde Drexler ya zo daga Portland ya dafa masa, Hakeem ya wahalar da David Robinson na San Antonio wanda aka ba MVP a shekarar, sannan suka share Orlando ta Shaquille O'Neal 4-0 a fainal. Kuma a Fabrairun shekarar da azumi a bakinsa aka ba shi gwarzon wata. Ƙwallo 3,830 ya tare a tarihi, ba wanda ya kamo shi.

To na biyu fa? Yaran yanzu za su ce James Harden mai gemu, kuma suna da hujja, ya zo daga Oklahoma a 2012, MVP a 2018, kakar da ta biyo yana zuba maki 36.1 a kowane wasa. Amma dai wasa na bakwai da Golden State a 2018, na neman shiga fainal, abokin wasansa Chris Paul na jinya, suka jefa ta maki uku sau 27 a jere ko ɗaya ba ta shiga ba, abin da ciwo wallahi.

Yao Ming, ɗan Chaina mai tsayin mita 2.29, ya jawo musu magoya baya a Chaina kaf, sai dai ciwon ƙafa ya sa ya ajiye a 2011.

Ni dai Moses Malone zan ba. MVP biyu ya ci a Houston, 1979 da 1982, kuma a 1981 ƙungiyar da ta ci 40 aka ci ta 42 ya ɗauka a ka har fainal, Boston ce ta tare su. Harden bai taɓa kai Houston fainal ba.