Sharhi: A Biya Marubuciya Haƙƙinta

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Idan ana maganar adabin Hausa, Bauchi ba baƙuwa ba ce. Ɗanta Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin waɗanda suka yi nasara a gasar ƙagaggun labarai ta 1933, aka buga masa Shaihu Umar. Ita ce kuma mahaifar Malam Sa'adu Zungur, wanda har gobe ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i. To amma a duba waɗanda aka buga wa littattafai bayan waccan gasa, babu mace ko ɗaya. Sai a 1980 aka buga wa Hajiya Hafsat Abdulwaheed So Aljannar Duniya a Zariya, ta zama mace ta farko da ƙagaggen labarinta na Hausa ya fito. Ba basira matan suka rasa ba a tsawon shekarun nan. Ai Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta, wato matan da ta horar su koyar, suna kai karatun ƙauyuka. Hanya ce ba a buɗe musu ba.

Yau wayar hannu ta buɗe hanyar. Daga Bauchi zuwa Azare, Misau da Ningi, akwai matan da sai sun gama tuwon dare, sun kwantar da yara, sannan su jingina da bango su fara danna labari da babban yatsa, ido na kan cajin waya saboda ba wuta. Kafin asuba shafi ya isa zauren WhatsApp ko manhajar karanta labarai ta Wattpad, masu karatu na jiran ci gaba. Sashen Hausa na BBC ya ga wannan, ya ware wa mata gasar Hikayata tun 2016, kuma duk wanda ya saurari labaran da ake karantawa ya san akwai gwanaye.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, ta ce mai son sauran ya tura ɗari uku ko ɗari biyar, ya nuna shaidar biya, a sa shi a zaure. Mutum ɗaya ya biya, ya kwashe littafin kaf, ya watsa a zauruka goma. Wani ya ɗora a shafinsa na intanet yana cin kuɗin talla. Wani ya karanta a YouTube ba tare da ko sallama ga mai shi ba, wani lokacin ma har sunanta a goge. Shi ya sa za ka buɗe littafi ka tarar da Allah ya isa a saman kowane shafi. Wasu na ganin rashin kunya ce, mu kuwa muna ganin kukan wadda ba ta da kotun da za ta kai ƙara. Ita ta sayi data, ita ta hana idonta barci wata da watanni. Mun san hukuncin wanda ya ɗauki ƙosai a gaban mai suya ya wuce bai biya ba, to wannan ma haƙƙi ne, kuma haƙƙi ba ya tsufa.

Akwai masu cewa rubutun ya lalace, akwai batsa, ba a bin ƙa'idar rubutu. Gaskiya ne ana samun haka, kuma ba ma goyon baya. Sai dai yarinyar da ta fara rubutu a ɗaki ita kaɗai, wa ya taɓa zama da ita ya nuna mata inda ake raba kalma da inda ake haɗewa? Muna da malaman Hausa a jami'ar jiha da ke Gadau, wadda aka sa wa sunan Sa'adu Zungur, muna da su a kwalejojin ilimi, ga reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya. Bita ta yini biyu, a lokacin da matar aure za ta iya halarta, da wanda zai duba rubutu kafin a sake shi, za su gyara abin da zagi bai gyara ba.

Ku kuma iyaye da mazaje, galibi a hannunku abin yake mutuwa ko ya rayu. Da yawa suna ɓuya bayan sunan aro don gudun a ce 'yar gidan wane tana rubuta soyayya. Malam, ka karɓi abin da maiɗakinka ta rubuta ka karanta tukuna. Sau da yawa za ka tarar maganar auren dole ce, da sakin wulaƙanci, da halin da marayu ke ciki, abubuwan da malamai ke faɗa a kan mumbari.

Mai saurare, idan akwai littafin kuɗi a wayarka da aka turo maka a ɓagas, koma shafin farko. Yawanci lambar asusun mai shi tana nan. Ka tura mata kuɗinta yau, kada kuma ka tura wa wani littafin.